Maganin Barci na Shaƙa ga Majinyatan da ke kan Na'urar Numfashi: Nazarin Hujjoji daga Gwajin Biristol na 1989 zuwa SESAR na 2025

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin hujjojin da suka taru cikin shekara 36 game da amfani da maganin barci na shaƙa wajen kwantar da majinyatan da na'ura ke yi wa numfashi a sashen kulawa ta musamman. An ɗora nazarin a kan gwaje-gwajen da aka raba majinyata ta hanyar ƙuri'a, tun daga na Biristol a 1989 har zuwa SESAR da aka wallafa a 2025. An gano cewa isofuluren, idan an ba da shi na kimanin kwana biyu, yana riƙe majinyaci a zurfin barcin da ake so kamar yadda furofofol ke yi, yana rage buƙatar maganin kashe zafi, majinyaci kuma kan farka da wuri. Amma sebofuluren da aka ba masu matsanancin kumburin huhu har tsawon mako guda ya ƙara yawan mace-mace. Maƙalar na ganin cewa abin da ya daɗe yana ruɗar masu wannan fage shi ne auna nasara da mintocin farkawa da alƙaluman oksijin, maimakon yawan waɗanda suka bar asibiti da ransu.

Fitilun kalmomi: maganin barci na shaƙa, isofuluren, sebofuluren, furofofol, na'urar numfashi, kumburin huhu

1.0 Gabatarwa

Majinyacin da aka zura wa bututu a maƙogwaro, aka jona shi da na'urar numfashi, da wuya ya jure abin da ake yi masa ido biyu, musamman a kwanakin farko. Bututun na shaƙe shi, tari na turnuƙe shi, na'ura na tura iska a lokacin da shi yake son fitarwa. In ba a kwantar da shi ba, sai ya shiga kokawa da na'urar, wani ma ya kai hannu ya fizge bututun. Saboda haka ake ba shi maganin da zai sa shi barci, a haɗa da mai kashe zafi irin su mofin ko fentanil.

Shekara da shekaru ta jijiya ake ba da wannan magani, kuma midazolam da furofofol ne suka mamaye fagen. Kowannensu da nasa aibi. Hanta ce ke sarrafa midazolam, ƙoda ta fitar da ragowarsa, ga shi kuwa hanta da ƙoda na cikin gaɓoɓin da suka fi saurin gazawa a jikin wanda ciwo ya yi wa tsanani. Sai maganin ya taru, a tsayar da shi yau, majinyaci ya wuni ya kwana bai buɗe ido ba. Yana kuma daga cikin magungunan da ake danganta su da ruɗewa da sambatu. Furofofol ya fi shi saurin sakin jiki, amma yana karya hawan jini, yana ƙara maiƙo a jini, idan kuma aka wuce miligiram 4 kan kowane kilo a awa har fiye da awa 48, yana iya jawo wata cuta mai narkar da tsoka da raunana zuciya.

A shekarar 2000 Kress da abokan aikinsa a Shikago suka nuna, a gwajin majinyata 128, cewa tsayar da maganin barci sau ɗaya kowace rana har majinyaci ya farka yana rage zama kan na'ura daga kwana 7.3 zuwa 4.9. Daga nan ra'ayin likitoci ya karkata ga barci marar nauyi, har ƙa'idojin da ƙungiyar likitocin kulawa ta musamman ta Amurka ta fitar a 2018 suka fifita furofofol ko deksmedetomidin a kan dangin midazolam. A cikin wannan yanayi ne maganin shaƙa, wanda aka sani a ɗakin tiyata, ya sami masu goya masa baya. Annobar korona ta 2020 ta ƙara masa kasuwa, domin furofofol da midazolam sun yi ƙaranci a asibitocin Turai da Amurka, dole ta sa aka koma ga abin da ke hannu.

Tambayar da maƙalar ke son amsawa ita ce: wane magani na shaƙa, ga wane majinyaci, na tsawon wane lokaci, hujja ta tsaya masa?

2.0 Hanyar Nazari

Bitar ayyukan da aka wallafa ce wannan. An ba gwajin ƙuri'a fifiko a kan nazarin tsofaffin fayiloli, an kuma ba sakamakon da ya shafi rai da tsawon zama kan na'ura fifiko a kan alamomin ɗakin gwaji. An taƙaita a kan manya, ba a taɓo yara ba sai a wuri guda.

3.0 Maganin da Na'urarsa

Magunguna uku ake magana a kansu: isofuluren, sebofuluren da desfuluren. Dukkansu ruwa ne mai saurin zama tururi, suna shiga jini ta huhu, ta huhun kuma suke fita. Wannan shi ne babban abin da ya raba su da na jijiya. Abin da jiki ke sarrafawa daga isofuluren bai wuce kashi 0.2 cikin ɗari ba, na desfuluren kashi 0.02, na sebofuluren kuwa ya kai kashi 2 zuwa 5. A riƙe wannan bambanci, domin za a dawo kansa. Ƙarfin da ake buƙata don kwantar da majinyaci bai kai na tiyata ba, yawanci sulusi ne zuwa rabin abin da ke hana motsi lokacin yanka, kuma ana iya karanta shi kai tsaye daga iskar da majinyaci ke fitarwa. Babu wani maganin jijiya da likita zai iya ganin yawansa a jiki numfashi bayan numfashi kamar haka.

Abin da ya hana wannan dabara yaɗuwa tun farko shi ne kayan aiki. Injin ɗakin tiyata na juya iska yana maido ta, na'urar sashen kulawa ta musamman kuwa watsar da ita take yi, ta yadda za a yi ta ƙona magani ana cika ɗaki da shi. Mafita ta zo a farkon shekarun 2000 da wata ƙaramar na'ura mai suna AnaConDa, wadda kamfanin Sedana Medical na Suwidin ke sayarwa yanzu da sunan Sedaconda ACD. Ana maƙala ta tsakanin bututun majinyaci da tiyon na'urar numfashi. Famfon sirinji na tura ruwan maganin ta wani siririn tiyo zuwa wani ɗan sanda mai ƙananan ramuka, a nan yake zama tururi. A bayansa akwai shimfiɗar zaren gawayi. Idan majinyaci ya fitar da numfashi, gawayin ya cafke kimanin kashi 90 cikin ɗari na maganin, idan ya ja sabuwar iska ya sakar masa, kamar yadda tufafi ke kama turaren wuta su riƙa sakin ƙamshinsa. Ɗan abin da ya tsere ana tare shi da gwangwanin gawayi a mafitar na'urar. Ana sauya na'urar duk bayan awa 24. Akwai wata ta Jamus mai suna MIRUS wadda ke daidaita ƙarfin maganin da kanta, tana kuma iya ɗaukar desfuluren, wanda ba ya zama cikin sirinji saboda yana tafasa a zafin digiri 22.8 kacal.

Na'urar na da wani haraji da take karɓa daga kowane numfashi. Cikinta fili ne da iska ke tsayawa ba ta kai ga huhu ba: mililita 100 a babbar, 50 a ƙaramar da aka fito da ita daga baya. Ban da wannan, gawayin na riƙe wani ɓangare na gurɓatacciyar iskar kabon ya maido wa majinyaci. Ga mai lafiyayyen huhu wannan ba komai ba ne. Ga wanda huhunsa ya kumbura, ake ba shi iska ƙanƙanuwa da gangan, lissafin ya sha bamban.

4.0 Hujjojin Farko

Kong da Willatts da Prys-Roberts ne suka buɗe fagen a Biristol, inda a 1989 suka wallafa a mujallar BMJ gwajin majinyata 60 da aka kwatanta isofuluren da midazolam na tsawon da bai wuce awa 24 ba. Masu isofuluren sun fi daɗewa a zurfin barcin da ake so, sun kuma fi saurin farkawa. Bayan shekara 15, Sackey da abokan aikinsa a asibitin Karolinska na Istokholm suka gwada AnaConDa a majinyata 40. Daga tsayar da magani zuwa cire bututu, masu isofuluren minti 10 suka ɗauka a matsakaici, masu midazolam minti 252. A 2011 Mesnil da abokan aikinsa a Faransa suka sami irin wannan da sebofuluren: farkawa cikin kimanin minti 19, a kan minti 91 na furofofol da 260 na midazolam.

Duk wanda ya san yadda ake tashin majinyaci da safe a sashen kulawa ta musamman zai fahimci dalilin da ya sa waɗannan alƙaluma suka shiga ran likitoci. Nas ta tsayar da famfo, ta cire na'urar daga tiyo, lambar da ke kan allo ta fara sauka ana kallo. Kafin a gama zagayen gadaje, an kira sunan majinyaci ya buɗe ido, an ce ya matse hannu ya matse, an ce ya ɗaga kai ya ɗaga. Likita ya sami damar duba ƙwaƙwalwarsa, ya yanke shawara kan cire bututu a ranar, ba gobe ko jibi ba. Abu ne da ido ke gani, abin da ido ya gani kuwa ya fi alƙaluman takarda shiga zuciya.

Sai dai duk waɗannan gwaje-gwaje ƙanana ne, a asibiti ɗai-ɗai aka yi su, kuma yawanci midazolam aka ajiye a ɗaya ɓangaren, maganin da tuni ake ja da baya daga gare shi. Kayar da midazolam a tseren farkawa ba wata bajinta ba ce. A 2016 Bellgardt da abokan aikinsa a Jamus suka waiwayi fayilolin majinyatan tiyata 200 da suka haura awa 96 kan na'ura, suka ga kashi 40 cikin ɗari na masu isofuluren ne suka mutu a asibiti, a kan kashi 63 na masu maganin jijiya. An yi ta ambaton wannan sakamako. Amma likitoci ne suka zaɓi wanda za a ba wane magani, ba ƙuri'a ba, kuma tazara mai girma irin wannan a nazarin fayiloli ta fi nuna bambancin majinyata fiye da ƙarfin magani.

Gwajin da ya kafa isofuluren da ƙafafunsa shi ne na Meiser da abokan aikinsa, wanda mujallar Lancet Respiratory Medicine ta buga a 2021. An raba majinyata 301 a asibitocin Jamus da Sulobeniya tsakanin isofuluren da furofofol, na tsawon da bai wuce awa 54 ba. An auna zurfin barci da ma'aunin Richmond, wanda ke tashi daga +4, wato mai faɗa da fizge-fizge, ya sauka zuwa -5, wanda ko an girgiza shi ba ya motsi. Abin nema shi ne a riƙe majinyaci tsakanin -1 da -4. Isofuluren ya yi hakan a kashi 90.7 cikin ɗari na lokacin, furofofol a kashi 91.1. Masu isofuluren sun buƙaci maganin kashe zafi ƙasa da na ɗaya ɓangaren da kashi 29 cikin ɗari, sun fi yin numfashi da kansu a rana ta farko, a rana ta biyu kuma sun farka cikin minti 20 a kan minti 30. A kan wannan ne ƙasashen Turai da dama suka amince da isofuluren don wannan aiki daga 2021, hukumar NICE ta Ingila kuma ta ba da shawarar na'urar a 2022, bisa lissafin cewa tana rage kashe kuɗi da kimanin fam 3,800 kan kowane baligi. Daga baya gwajin IsoCOMFORT ya nuna cewa ga yara 'yan shekara 3 zuwa 17 ma isofuluren bai gaza midazolam ba.

Ya kamata a lura da abin da gwajin Meiser ya tabbatar da wanda bai taɓo ba. An tsara shi ne don nuna cewa isofuluren bai gaza furofofol ba wajen sa barci, cikin kwana biyu da 'yan awoyi. Tazarar farkawa da ta kai awa huɗu a zamanin midazolam ta dawo minti goma da aka kawo furofofol. Ba a tsara gwajin don auna mace-mace ba, yawan majinyatan ma bai isa haka ba.

5.0 Sebofuluren da Kumburin Huhu

Matsanancin kumburin huhu, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da ARDS, ciwo ne da ruwa ke malala cikin ƙananan jakunkunan huhu sakamakon namoniya ko gubar jini ko mummunan rauni. Nazarin LUNG SAFE na 2016, wanda ya haɗa ƙasashe 50, ya same shi a kashi 10.4 cikin ɗari na waɗanda aka kwantar a sashen kulawa ta musamman, kuma masu tsananinsa kashi 46 cikin ɗari sun mutu a asibiti. Babu wani magani da ke warkar da shi kai tsaye. Abin da aka tabbatar yana ceton rai dabarun jinya ne, a gaba-gaba akwai rage yawan iskar da na'ura ke turawa zuwa mililita 6 kan kowane kilo, wanda gwajin majinyata 861 a shekarar 2000 ya nuna ya sauko da mace-mace daga kashi 39.8 zuwa 31 cikin ɗari.

A nan ne aka ɗora wa sebofuluren buri mafi girma. Gwaje-gwaje a dabbobi sun nuna yana rage kumburi, yana kare fatar jakunkunan huhu. A 2017 Jabaudon da abokan aikinsa a Clermont-Ferrand ta Faransa suka gwada shi a majinyata 50, aka kwatanta da midazolam na awa 48. A rana ta biyu ma'aunin shigar oksijin cikin jini ya kai 205 a masu sebofuluren, 166 a masu midazolam, alamomin kumburi a jini da ruwan huhu kuma sun ragu. Sai aka fara tunanin an sami maganin barcin da shi kansa magani ne ga huhu.

Ya kamata a yaba wa wannan tawaga, domin ba su tsaya a nan ba. Su da kansu suka jagoranci babban gwajin SESAR, wanda aka gudanar a sassan kulawa ta musamman 37 a Faransa daga Mayun 2020 zuwa Oktoban 2023, mujallar JAMA ta buga shi a 2025. An raba majinyata 687 masu matsakaici zuwa tsananin ciwon: 346 suka sami sebofuluren, 341 furofofol, har zuwa kwana 7. Abin da aka sa a gaba shi ne yawan kwanakin da majinyaci ya yi a raye ba na'ura cikin kwana 28 na farko. Masu sebofuluren suka gaza da kimanin kwana 2.1. Cikin mako na farko kashi 19.4 cikin ɗari nasu sun mutu, a kan kashi 13.5 na masu furofofol. A kwana na 90, kashi 47.1 cikin ɗari ne suka rage da rai a ɓangaren sebofuluren, kashi 55.7 a ɓangaren furofofol. Tazarar kashi 8.6 ke nan, wato in an ba majinyata 12 irin waɗannan sebofuluren a madadin furofofol, za a yi asarar rai guda da bai kamata a rasa ba.

An tsara SESAR ne don auna sakamako, ba don gano sanadi ba, amma akwai hanyoyi uku da hankali zai iya bi. Ta farko ita ce harajin na'urar da aka ambata. Mutum mai nauyin kilo 55 bisa tsayinsa, mililita 330 ne rabonsa a kowane numfashi. Ƙaramar na'urar kaɗai ta cinye 50, kusan kashi 15 cikin ɗari, kafin a lissafa iskar kabon da gawayi ke maidowa. Likita sai ya zaɓi ɗaya cikin biyu: ko ya bar iskar kabon ta taru jini ya yi tsami, ko ya ƙara yawa da saurin iskar da yake turawa, wato ya sassauta dabarar da aka tabbatar tana ceton rai. Ko wanne ya ɗauka, huhu ko zuciya ne za su biya.

Ta biyu ita ce ƙoda. Kashi 2 zuwa 5 da jiki ke sarrafawa daga sebofuluren na sakin sinadarin fulorayid cikin jini. A tiyatar awa uku ba a ganin illarsa. Mako guda kuwa wani abu ne daban, kuma tun kafin SESAR an sha ba da rahoton majinyatan da suka daɗe kan sebofuluren suka kama fitsari ba ƙaƙƙautawa, gishirin jininsu ya hau, saboda ƙoda ta daina jin umarnin sinadarin da ke sa ta riƙe ruwa. Ta uku ita ce hawan jini: duk magungunan shaƙa na saki jijiyoyin jini, masu wannan ciwo kuma da yawansu dama da magani ake tallafe da hawan jininsu, ga shi an nemi barci mai zurfi ƙwarai a kwanakin farko, wanda ke buƙatar ƙarfin magani fiye da na sauran gwaje-gwaje.

Muhimmancin rarrabe waɗannan hanyoyi shi ne, hukuncin isofuluren ya dogara a kansu. Idan fulorayid ne mai laifi, isofuluren ya kuɓuta, tun da abin da jiki ke sarrafawa daga gare shi bai wuce kashi ɗaya cikin goma na sebofuluren ba. Idan kuwa na'urar ce ko faɗuwar hawan jini, to shi ma yana ciki tsundum, domin na'ura ɗaya suke bi, jijiya ɗaya suke saki. Masu cewa SESAR bai shafi isofuluren ba sun yi gaggawa, haka ma masu cewa ya rufe babin maganin shaƙa gaba ɗaya. A ganin mai wannan nazari, nauyin kawo hujja ya koma wuyan masu son ba da isofuluren na mako guda ga mai kumburin huhu, kuma gwajin awa 54 ba zai ɗauke musu wannan nauyi ba.

Akwai kuma darasin da ya wuce batun sebofuluren. Gwajin 2017 bai yi ƙarya ba, oksijin ya hau da gaske. Amma hawan oksijin a rana ta biyu ba shi ne tsira ba. Fagen kula da huhu ya taɓa ganin haka: a gwajin shekarar 2000 da aka ambata, waɗanda aka ba iska mai yawa su ne alƙaluman oksijinsu suka fi kyau a kwanakin farko, su ne kuma suka fi mutuwa.

6.0 Sauran Haɗurra da Inda Ake Neman Ceto

Mugun zazzaɓin da maganin shaƙa ke tayarwa ga masu gadon wata tangarɗa a tsoka ba kasafai ake ganinsa ba, amma yana kisa cikin sauri. A ɗakin tiyata likita na tsaye a kai. A sashen kulawa ta musamman kuwa zazzaɓi da bugun zuciya da hawan iskar kabon abubuwa ne na kullum, saboda haka yana iya ɓuya a cikinsu har lokaci ya ƙure. Maganinsa dantirolin ne, ana farawa da miligiram 2.5 kan kowane kilo, kuma bai halatta a kunna na'urar maganin shaƙa a inda babu shi a kusa ba. Masu rauni a ka su ma ana taka-tsantsan da su, domin maganin na buɗe jijiyoyin ƙwaƙwalwa, matsin cikin ƙoƙon kai na iya hawa. Ta fuskar muhalli, dukkan ukun na ɗumama duniya, desfuluren ya fi sauran nesa ba kusa ba, shi ya sa Sikotilan ta daina amfani da shi a 2023.

Duk da haka akwai wuraren da maganin shaƙa ke da gurbi na musamman. Yana buɗe hanyoyin iska, don haka ake komawa gare shi a asmar da ta ƙi jin kowane magani. Ana kuma amfani da isofuluren wajen danne farfaɗiyar da ta ƙi tsayawa, da kwantar da majinyacin da aka tara masa magungunan jijiya uku ko huɗu bai kwanta ba. Hujjar waɗannan rahotannin majinyata ɗai-ɗai ne da ƙananan rukunoni, amma wanda ya kai wannan matsayi dama zaɓinsa ya ƙare.

7.0 Abin da Ya Shafi Asibitocinmu

Za a iya cewa isofuluren ya dace da mu a nan Afirka: ana samunsa a ɗakunan tiyatar manyan asibitoci, likitocin sa barci sun san shi, ba ya kuma dogara da ƙoda a inda wankin ƙoda ke da tsada. Amma kwalbar magani ita ce mafi arha a cikin lissafin. Ana buƙatar sabuwar na'ura kowace rana, da sirinjinta na musamman, da injin auna ƙarfin magani da iskar kabon a numfashi, da gwangwanin tare iska, da dantirolin a kabad, da nas ɗin da aka horar. Ribar fam 3,800 ta Ingila daga rage kwanakin zama a gado mai tsadar gaske ta fito. A inda dangin majinyaci ke sayen kayan aiki daga aljihunsu kullum safiya, wannan lissafi ba ya tafiya yadda yake.

Zafin ƙasarmu ma abin dubawa ne. Isofuluren na tafasa a digiri 48.5, kuma an san cewa idan sirinji ya ɗumama ko aka rataye shi sama da kan majinyaci, kumfa na iya tasowa a ciki ta tura maganin ba da umarnin famfo ba. A watan Afrilu, in wuta ta ɗauke na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, wannan ba hasashe ba ne. Saurin farkawar da ake yabo shi ma yana juyewa ya zama haɗari: famfo ya tsaya da tsakar dare, nas ɗaya na kula da gadaje da yawa, cikin 'yan mintoci majinyaci ya farka da bututu a maƙogwaro.

Sannan akwai batun inda buƙata ta fi yawa. Nazarin ACIOS da mujallar Lancet ta buga a 2025 ya duba majinyata 19,872 a asibitoci 180 na ƙasashen Afirka 22. Kashi 12.5 cikin ɗari na cikin mawuyacin hali, kashi 20.7 na waɗannan sun mutu cikin mako guda, kuma kusan kashi 69 cikin ɗari nasu a ɗakunan jinya na gama-gari suke kwance, ba a sashen kulawa ta musamman ba. Ga mafi yawan waɗannan, oksijin da ƙarin ruwa da buɗe hanyar numfashi ne ke raba rai da mutuwa. Ko a cikin sashen ma, auna zurfin barci da ma'aunin Richmond a kowane zagaye, da magance zafi kafin a ƙara maganin barci, da tashin majinyaci kowace safiya, ba sa buƙatar sayen komai, hujjarsu kuma ta girmi ta kowace na'ura.

Hukuncin da hujjojin suka kai mu shi ne wannan. Kada a ba mai matsanancin kumburin huhu sebofuluren don sa barci. Isofuluren madadin furofofol ne karɓaɓɓe na kwana biyu ga wanda huhunsa zai iya ɗaukar ƙarin filin na'urar, a sashen da ke da injin auna iska da dantirolin, haka nan a matsayin ceto ga asma da farfaɗiyar da suka gagara. Abin da ya wuce haka, a yi shi cikin gwajin ƙuri'a mai ƙirga waɗanda suka rayu zuwa kwana 90. Kwamitocin sayen kaya na asibitocin koyarwa, idan aka kawo musu tallar wannan na'ura, su nemi a nuna musu alƙaluman SESAR tare da na Meiser kafin su sa hannu.